Littafi nawa za a bari a tebur? Nazarin wani rukunin 'yan wasa a Unguwar Rimi

Mutum shida ne, suna haɗuwa duk Asabar a falon wani gida a Unguwar Rimi da ke Kaduna, daga bayan La'asar zuwa Isha'i. In aka cire tashin sallar Magariba da ɗan cin abinci, abin da ke saura na wasa bai wuce awa uku ba. Wasan da suke yi shi ne Dungeons & Dragons, bugu na biyar da kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2014. Mutum ɗaya ne jagora, shi ke riƙe da labari da abokan gaba da hukunci. Sauran biyar kowa da jaruminsa a rubuce a takarda, sai 'ya'yan lido masu fuska huɗu har zuwa ashirin da ke yanke abin da ya yiwu da abin da ya faskara.

Labarin da jagoran ya tsara na ayari ne. Madugu ya ɗauki jaruman biyar su raka fatake daga wani birni mai ganuwa zuwa mahaƙar gishiri a tsakiyar sahara, tafiyar kwana arba'in. Abin da ya so ya riƙe labarin shi ne ƙishirwa, rijiyoyin da suka ƙafe, kuraye da dare, da 'yan fashin da ke tare mashigar duwatsu. Littattafan da ke hannunsa uku ne, wato ginshiƙan bugun: Player's Handbook (littafin 'yan wasa), Monster Manual (littafin dodanni da abokan gaba) da Dungeon Master's Guide (littafin jagora). Ranar da aka tambaye shi me aka yarda da shi wajen ƙera jarumi, ya ce duk abin da kamfanin ya buga da kansa a kawo. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, ba ya son a ce ya matse kowa.

Sai dai hannuwan ba ɗaya ba ne. Akwai ma'aikacin banki da ya sayi kusan duk littattafan a manhajar D&D Beyond. Shi ya ƙera wa kansa mai warkarwa na reshen Twilight Domain (reshe shi ne ƙwarewar da jarumi ke zaɓa a cikin sana'arsa) daga littafin Tasha's Cauldron of Everything na 2020, ya kuma ƙera wa ƙanensa maharbi daga jinsin aarakocra, mutane masu fukafukai da suka fito a wani ƙaramin littafi na 2015. Wata ma'aikaciyar jinya ta ɗauki masihirciya, ta tsinto sihirin Silvery Barbs daga littafin Strixhaven na 2021. Na huɗu yana da Player's Handbook kaɗai, ya haddace shi kamar karatun allo, ya fito da mayaƙi mai bakan hannu. Ta biyar ɗaliba ce, ƙanwar jagoran, ba ta da komai sai dokokin kyauta da kamfanin ya saka a intanet a 2014, masu sana'a huɗu da jinsi huɗu kacal. Ta ɗauki ɓarawo mai takobi siriri.

Kafin zama na bakwai komai ya fito fili. Zagayen faɗa ɗaya yana cin kusan rabin awa, an bar maganar ruwa gaba ɗaya, kuma ɗalibar ta fara ba da uzurin karatu. Da yayanta ya matsa mata sai ta ce, "Yaya, ni zuwana da rashin zuwana duk ɗaya ne."

Abin da ya lalace, da dalilinsa

Matsala ta farko ita ce mai warkarwar. Jarumai a wannan wasa mataki-mataki suke ƙara ƙarfi, shi kuwa tun a mataki na biyu yana da ikon da zai kunna da motsi ɗaya, ya kewaye shi da da'ira mai ƙafa talatin ta kowane gefe har tsawon minti ɗaya, wato zagaye goma. Duk wanda ya gama layinsa a cikin da'irar yana samun makin rai na aro: jifan ɗan lido mai fuska shida haɗe da matakin mai warkarwar. A mataki na huɗu matsakaicinsa bakwai da rabi ne ga kowa, kowane zagaye. Makin aro ba ya taruwa, amma ana sabunta shi, don haka jarumai biyar na iya shanye ɓarna har talatin da bakwai a zagaye ɗaya ba tare da ta taɓa jikinsu ba. Ƙaramin ɗan fashi ko goblin (wani ƙaramin dodo) na Monster Manual, in ya samu sa'ar hari, matsakaicin abin da yake cirewa bai wuce biyar ko shida ba. Ikon ba ya buƙatar riƙe hankali a kansa, ballantana a ce bugu zai katse shi, kuma yana dawowa bayan gajeren hutu na awa ɗaya. Yawancin faɗa a wannan wasa zagaye uku ne ko huɗu. Kenan kusan kowane faɗa a rufe yake daga farko har ƙarshe.

Jagoran ya yi abin da kowa ke yi da farko, ya ninka abokan gaba. Inda ya shirya 'yan fashi shida ya zuba goma sha biyu. Faɗa ya ƙara tsawo, kuma ranar da mai warkarwar bai zo ba saboda ɗaurin aure a Zariya, saura kaɗan a shafe jaruman duka, domin an auna faɗan ne da wanda ba ya nan.

Mai fukafukan kuwa matsalarsa ta fi sauƙin gani. Aarakocra na 2015 yana tashi ƙafa hamsin a zagaye tun daga matakin farko, muddin bai sa sulke mai nauyi ko matsakaici ba. Dogon baka yana kai ƙafa ɗari da hamsin ba tare da wani tarnaƙi ba. Kura ba ta da abin da za ta yi sai cizo. Saboda haka duk daren kurayen da jagoran ya shirya ya koma harbin tsuntsu daga sama, babu haɗari ko kaɗan. A ginshiƙan littattafan, sihirin tashi sama sai a mataki na biyar ake samunsa, minti goma yake yi, kuma bugu ɗaya na iya katse shi mutum ya faɗo. An gina dabbobin ƙananan matakai ne a kan cewa jarumai a ƙasa suke. Ga kuma wani ruɗani: littafin Monsters of the Multiverse na 2022 ya sake buga jinsin ya rage gudun tashinsa zuwa ƙafa talatin. Biyun duk na kamfanin ne, kuma ba a faɗi wanne za a bi ba.

Silvery Barbs shi ya ci lokaci. Sihiri ne na matakin farko da ake yi a matsayin martani: idan wani a cikin ƙafa sittin ya ci nasara a jifan hari, ko jifan gwaji, ko jifan tsira, sai a tilasta masa sake jifa ya ɗauki mafi ƙanƙanta, sannan a ba wani damar jifa biyu ya ɗauki babba. Masihirciya a mataki na huɗu tana da gurabun sihiri bakwai, wato damar yin sihiri sau bakwai kafin dogon hutu, kowanne zai iya ɗaukar wannan. A tebur abin da hakan ke nufi shi ne jagora ya jefa ɗan lido, ya faɗi sakamako, sai ya tsaya ya kalle ta. Ita kuma ta duba takardarta, ta ƙirga abin da ya rage, ta tambayi sauran ko su bari wannan ya wuce. Ana yin haka a kowane jifa mai muhimmanci. In aka ɗauke wuta aka koma hasken waya, dubawar ma ta zama wani aiki.

Zuwa nan mutum zai ce maganin a bayyane yake: a kori ƙarin littattafai a koma ginshiƙai uku. Haka jagoran ya yi. Da daren Laraba ya tura saƙo a zauren WhatsApp ɗinsu cewa daga Asabar mai zuwa Player's Handbook kaɗai aka yarda da shi. Mutum uku suka wayi gari jarumansu na wata biyu sun zama haramtattu ba tare da an ji ta bakinsu ba. Ma'aikacin bankin ya ji zafi ƙwarai, kuma yana da hujja. Kowane babban littafi daga cikin waɗannan dala 49.95 aka sa masa a takarda lokacin da ya fito, na manhaja ma da dala ake saye, kuma ya tambaya tun farko aka ce masa ya kawo.

An gudu ba a tsira ba

Kuskuren hukuncin ya wuce yadda aka isar da shi. Abubuwa biyu da suka fi yi wa wannan labarin illa suna cikin Player's Handbook ɗin da aka bari.

A ɗauki ruwa. Dokar littafin ta ce jarumi na buƙatar galan ɗaya a yini, biyu in ana zafi. Mutum biyar a sahara galan goma kenan. Sihirin Create or Destroy Water na matakin farko, wanda kowane mai warkarwa zai iya ɗauka ko da wane reshe yake, galan goma daidai yake samarwa, kusan jarka biyu masu lita ashirin. Gurbi ɗaya da safe, an gama da ƙishirwar yini. Goodberry kuma, wanda maharbi ke iya samu tun mataki na biyu, 'ya'yan itace goma yake bayarwa, kowane ɗaya ya ƙosar da mutum yini guda. Tafiyar kwana arba'in da aka gina a kan tsoron yunwa da ƙishirwa ta rushe da sihiri biyu mafi arha a wasan, kuma korar Tasha's bai taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Sai mayaƙin nan mai bakan hannu, wanda ba a taɓa zarginsa ba domin littafi ɗaya gare shi. Ya ɗauki nau'in ɗan Adam mai samun baiwa, wato ƙarin gwaninta ta musamman, tun matakin farko, ya zaɓi Crossbow Expert, a mataki na huɗu ya ƙara Sharpshooter mai rage biyar daga jifan hari ya ƙara goma a ɓarna. A mataki na biyar harbi uku yake yi a layi ɗaya. A kan abokin gaba mai kariya 13, wato lambar da jifan hari ke buƙatar kaiwa, yana samu a kashi 55 cikin ɗari, kowane harbi matsakaicinsa goma sha shida da rabi, jimilla kusan ashirin da bakwai a zagaye. Ɓarawon ɗalibar a wannan mataki hari ɗaya gare shi, yana samu a kashi 75, matsakaicinsa goma sha tara in sharaɗin harin sunƙuru (ƙarin ɓarnar da ɓarawo ke samu in ya mamayi abokin gaba) ya cika, wato kusan goma sha huɗu. Rabi kenan. Layinta ba ya kai minti ɗaya: ta jefa, ta faɗi lamba, ta koma kan wayarta na minti ashirin. Gibin da ya kore ta daga tebur, rabinsa daga littafin da kowa ya ɗauka shi ne ma'aunin adalci ya fito.

Akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. A bugun 2014, baiwa da haɗa sana'a biyu duk dokokin zaɓi ne, suna babi na shida, kuma littafin da kansa ya ce jagora ne zai yarda ko ya ƙi. Kamfanin bai taɓa nufin a buɗe komai a kowane tebur ba. Ko a wasanninsa na hukuma, Adventurers League, a da an daɗe ana aiki da dokar Player's Handbook da ƙarin littafi ɗaya tak ga kowane jarumi.

An duba wannan doka a matsayin mafita ta biyu. Tana da amfani inda baƙi ke haɗuwa, domin tana hana tsinto jinsi daga nan, reshe daga can, sihiri daga wani wuri. Amma a wannan tebur ba za ta yi komai ba. Mai warkarwar zai ce littafinsa ɗaya Tasha's ne, mai fukafukai ya ce nasa na 2015 ne, masihirciya ta ce Strixhaven. Kowa ya cika doka, jagora kuma har yanzu yana da littafi uku da bai karanta ba a teburinsa.

A ganina iyaka dole ce a wannan hali, kuma duk jagoran da ya ce babu iyaka ya ɗauki alkawarin da ba zai iya cikawa ba. Amma littafi ma'auni ne mai kauri da yawa. Xanathar's Guide to Everything na 2017 cike yake da rassa da ba sa damun kowa, kuma Tasha's ɗin da ya kawo Twilight Domain shi ne ya gyara maharbi mai dabba da aka daɗe ana kuka da rauninsa. Tambayoyin da suka dace uku ne, a yi su a kan kowane abu shi kaɗai. Jagora ya karanta shi har zai iya yanke hukunci a kansa ba tare da buɗe littafi ba? Kowa a tebur yana da hanyar samunsa? Yana rusa abin da aka gina labarin a kai?

Yadda aka gyara

Jagoran ya janye saƙon Laraba, ya nemi afuwa, aka ware Asabar guda ba wasa sai magana. Abin da ya fito daga zaman shafi ɗaya ne, aka buga aka ba kowa kwafi, aka kuma maƙala shi a saman zauren WhatsApp.

Layin farko ya faɗi bugun da ake bi: na 2014. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a 2024 kamfanin ya fitar da sabon Player's Handbook mai suna iri ɗaya, inda aka cire wa Sharpshooter ragin biyar da ƙarin goman nan, aka kuma mayar da zaɓen reshe na kowace sana'a zuwa mataki na uku. Mutum biyu na iya cewa "littafi ya ce" su duka da gaskiyarsu. Layi na biyu ya buɗe littafi uku ga kowa: Player's Handbook, Xanathar's da Tasha's. Dalilin zaɓen su shi ne jagoran ya yarda zai iya karanta rassan da 'yan wasansa suka ɗauka daga ciki a mako biyu, kuma ma'aikacin bankin ya buɗe rabon littattafansa a manhajar, wanda babban rajista ke bayarwa, ta yadda duk wanda ke cikin rukunin zai iya ƙera jarumi da su a wayarsa. Kuɗin da ya kashe ya koma amfanin kowa, kuma wannan ne ya fi komai sanyaya masa rai. Duk abin da ke wajen ukun sai an turo hoton shafinsa kwana bakwai kafin zama, jagora ya amsa kafin Juma'a. Abubuwan gwaji da kamfanin ke sakawa kyauta da waɗanda mutane ke ƙerawa a intanet an rufe su baki ɗaya.

Daga nan sai jerin abin da aka hana ko aka sauya, kowanne da dalilinsa a jimla ɗaya. Silvery Barbs an cire shi saboda lokaci. Tashi sama kafin mataki na biyar an hana, amma tunda an riga an kai matakin, aka bar wa maharbin fukafukansa a kan ƙafa talatin na 2022, jagora kuma ya ba kowane gungun 'yan fashi maharba biyu ko uku, ya sa guguwar rairayi ta riƙa saukar da shi wasu ranaku. Ikon mai warkarwar an bar shi, aka ɗora masa sharaɗin riƙe hankali, ta yadda bugu zai iya katse shi kuma ba zai haɗa shi da wani sihirin mai irin wannan sharaɗi ba. An kuma rubuta abin da aka riga aka fahimta ba a faɗa ba: a wannan duniyar ba a ambaton alloli da suna, kuma sana'ar mai ƙulla alkawari da shaiɗanu ba ta cikin labarin. A teburin Kaduna, inda Musulmi da Kirista kan zauna tare kuma iyaye kan leƙo falo su ji me ake yi, wannan iyaka ta fi ta lissafi muhimmanci ga wasu, kuma ba ta buƙatar doguwar muhawara.

Maganar ruwa ita ce aka warware ba tare da hana komai ba, kuma ita ce ta fi burge ni. Jagoran ya daina lissafin jarumai biyar ya koma lissafin ayari. Fatake da 'yan rakiya mutum talatin ne, galan sittin kenan a yini, ban da raƙuma. Mai warkarwa a mataki na biyar yana da gurabu huɗu na matakin farko, uku na biyu, biyu na uku, kuma kowane ƙarin mataki galan goma yake ƙarawa. Don ya shayar da kowa sai ya ƙona huɗun farko duka da ɗaya na biyu, ya shiga mashigar duwatsu da gurabu huɗu. Yanzu kowace safiya akwai shawara ta gaske: a shayar da fatake a shiga faɗa da rauni, ko a rage wa mutane ruwa a ɗauki gajiya, wadda matakinta na shida mutuwa ce. Rijiya ta dawo da darajarta.

Kowa ya samu damar sake ƙera jaruminsa sau ɗaya ba tare da asarar mataki ko kaya ba. Ɗalibar ta zauna da ma'aikaciyar jinyar awa ɗaya, ta koma reshen Swashbuckler daga Xanathar's, wanda ke ba ta harin sunƙuru in ta keɓe da abokin gaba ita kaɗai, ya kuma bar ta ta sara ta janye ba tare da an rama ba. Lambobinta ba su yi wani tsalle ba, amma yanzu tana da abin zaɓa a kowane layi. Jagoran ya kuma ƙara abubuwan da ɓarawo kaɗai ke iya yi: makullin rumbun gishiri, leƙen sansanin 'yan fashi da dare, gano wanda ke sayar da sirrin ayari. Don a rage buɗe littafi a tsakiyar faɗa, kowa ya rubuta sihirinsa da ikonsa a ƙananan katuna, abu ɗaya kati ɗaya. Abin da ba ya kan kati, jagora ya yanke nan take, a duba littafi bayan an tashi. Layin ƙarshe na shafin ya ce za a sake duba shi duk bayan zama huɗu, kuma ba a sauya doka a tsakiyar zama.

Bayan zama huɗun farko zagayen faɗa ya dawo wajen minti goma sha biyu, kuma ɗalibar ba ta sake fashi ba. Abu biyu ba su daidaita ba. Ma'aikacin bankin har yanzu yana ganin an rage masa jarumi fiye da kowa, kuma lissafi yana bayansa. An yi masa alkawarin wasan yini ɗaya a hutun Babbar Sallah inda za a buɗe komai, shi zai jagoranta. Mayaƙin mai bakan hannu kuwa yana nan yana ninka kowa a ɓarna. An kawo shawarar ɗaukar Sharpshooter na 2024 shi kaɗai, mai shi ya ce in an fara tsintar dokoki daga sabon bugu to a ɗauko shi duka, har da abin da zai amfane shi. Jagoran bai karanta sabon littafin ba tukuna, don haka aka ɗage maganar zuwa dubawa ta gaba. Kafin nan yana sa 'yan fashinsa su riƙe garkuwa da sulken da ke kai kariyarsu 16, inda ragin biyar ɗin ke sauko da samun harbi zuwa kashi 40.